Na Ajiye Kuɗin Ɗaukaka Ƙara A Hannun Sarkin Ruwa

Assalamu alaikum, Edita da masu karanta wannan shafi. Ni ba mai yawan magana ba ne, ban kuma yi makaranta ba. Da baki nake faɗa ana rubuta mini. Ba zan kama sunan kowa ba, ba kuma zan faɗi wace kotu ba ce.

A lokacin da abin ya faru ni masunci ne kuma manomi, a wani ƙauye cikin fadamar kogin Haɗeja, tsakanin Kirikasamma da Guri. Na ɗan haura shekara arba'in, ina da mace ɗaya da 'ya'ya. Ina da kwale-kwale nawa na kaina da taru, ba na cin bashi, ba na zama a majalisa. Ambaliya ta taɓa cinye mini gida na sake ginawa da hannuna. A shekarar an zo an rubuta sunayenmu wai za a kawo tallafi, muka ga buhuna a mota, ba mu gan su a ƙasa ba. Wani dillalin kifi ya taɓa cin guminmu na kaka guda yana murmushi. Tun daga nan na daina yarda da duk mutumin da ke zaune bayan tebur. In mutum ya gaishe ni da fara'a mai yawa, sai in duba abin da ke hannuna. Mutanen gari sun san ni da haka, ni kuma a lokacin ina ganin wayo ne.

Mahaifina ya bar mini wata fadama a bakin wata hanyar ruwa. Tun yana raye kacala ta cinye ta. Ga wanda bai san kacala ba, ciyawa ce da ta fi mutum tsawo, in ta kama wuri sai ta toshe ruwa, tsuntsaye su yi gida a ciki su addabi gonakin kusa. Kowa ya haƙura da wurin, ni ban haƙura ba. Rani bayan rani ina shiga da adda, ruwa iya ƙirji, matsattsaku suna shan jinina, ina sare ta ta ƙarƙashin ruwa don tushen ya ruɓe. Babu wanda ya taya ni, babu wanda ya ce wurinsa ne. Sai a shekarar da na cire shinkafar da ta sa mutane suka riƙa tsayawa a bakin gonar suna kallo, sannan mai ita ya bayyana. Ɗan ƙauyenmu ne da ya koma gari ya buɗe kanti. Ya kai ni ƙara, wai fadamar kakansa ce, aro aka ba mahaifina. Ya zo da tsofaffi biyu suka yi masa shaida. Nawa shaidan tsufa ya ci ƙarfinsa, ana tambayarsa gabas yana ba da labarin yamma. Alƙali ya ba mai kanti gona. Ya ce in ban gamsu ba ina da damar ɗaukaka ƙara zuwa kotun da ke sama, ya faɗi wa'adi. Kafin ya rufe baki na ce ban gamsu ba.

Na shiga mota na tafi gari. A kotun sama aka nuna mini wata taga, a bayanta akwai magatakarda, mutum mai tsafta da ƙamshin turare. Ya karɓi ɗan abin da ake biya na buɗe ƙara da na kwafe bayanan shari'ar farko, ya ba ni rasit. Wannan ban yi musu ba, aiki ne na gani da idona. Da na koma ranar da ya ce in koma, sai ya gaya mini akwai sharaɗi guda da ya rage. Wai sai na ajiye wasu kuɗi a kotu kafin a saurari ƙarata. In na yi nasara a mayar mini, in na faɗi a biya abokin shari'ata wahalar da na ba shi. Na tambayi nawa. Abin da ya faɗa ya yi daidai da kuɗin kwale-kwalena da taruna in an haɗa. Nan take zuciyata ta tsaya a kan wannan: wa ya gaya musu abin da na mallaka? Na tambaye shi doka ce ko al'adar tagar nan ce. Ya ce Baba, ba shi ya yanka ba, a rubuce yake. Na ce in a rubuce yake ai mutum ne ya rubuta. Na tambaye shi shi mai kanti nawa ya ajiye kafin a saurare shi a kotun ƙasa. Ya ce ai shi ba ɗaukaka ƙara ya yi ba. Na ce wato wanda ya zo ƙwace ana jinsa da araha, wanda aka ƙwace wa shi ne zai sayi kunnen alƙali. Waɗanda ke bayana suka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ce in yi haƙuri in matsa, akwai mutane a layi.

Da aka fito sallar azahar a masallacin da ke kusa, sai na ga magatakardan nan yana gaisawa da mai kanti hannu bibbiyu, har da dafa kafaɗa. Me ya kawo mai kanti wurin a ranar, har yau ban sani ba. A gari kowa yana gaisawa da kowa, haka aka gaya mini daga baya. Amma ni a ranar na gama yanke hukunci. Kuɗin nan in suka shiga ta tagar nan, rabawa za a yi, sannan a kore ni da wata magana.

Na fara yawon tambaya. Bulamanmu, wato mai garinmu, ya ce in biya kawai, hukuma ba ta wasa. To amma bulama yana shan shayi a kantin mutumin duk ranar kasuwa, don haka na ajiye maganarsa a gefe. Wani mutum da ke zama a gindin bishiya a ƙofar kotu yana rubuta wa jama'a koke ya ce sam, wannan ya saɓa doka, ba a rufe wa talaka ƙofar shari'a da kuɗi, in ba shi wani abu ya rubuta mini takarda zuwa sama a girgiza su. Maganarsa ta yi mini daɗi, amma yana yi yana kallon aljihuna. Limaminmu ya ce shi dai a littattafan da ya karanta bai ga inda aka ce wanda ya zo kukan zalunci sai ya ajiye dukiya kafin a ji shi ba, amma kotunan yanzu suna da tsarinsu da bai karanta ba, kada in kafa hujja da shi. Baki uku, magana uku. Wa'adi kuwa yana tafiya.

Ana cikin haka yayan matata ya zo a babur. Bafulatani ne, asalinsu wajen Jahun, amma ya yi gida a Haɗeja yana dillancin shanu. Kakata Babarbariya ce, don haka tsakanina da shi kullum tsokana ce. Tun daga zaure ya fara ɗaga murya, wai ina bawansa Babarbare, ya ji labari kifi ya gaji da ni ya kai ni kotu. Na ce masa da nono yana kai ƙara da tuni an ɗaure danginsa kaf saboda ruwan da suke ƙara masa. Muka zauna aka kawo fura. Sai ya daina dariya ya ce ya taɓa tsaya wa wani abokin cinikinsa a irin wannan. Wani lokaci kotu tana karɓar mutum mai gida ya tsaya a madadin kuɗi. Ya ce mu tafi tare mu roƙi alƙali, shi zai tsaya mini da gidansa, kada in sayar da abin neman abincina. Ina jinsa ina lissafi. Mutumin nan ya daɗe yana roƙona in bar shanunsa su shiga fadamata da rani su ci karan shinkafa su sha ruwa, ina hana shi. In ya tsaya mini yau, gobe da wane baki zan hana? Kuma a ina ya san wannan hanya in ba ya zauna da 'yan tagar nan ba? Na ce masa a fili: gona ɗaya ce, masu so sun yi yawa, ya bi layi bayan mai kanti. Ya ajiye ludayi. Ya miƙe. Ya leƙa cikin gida ya ce wa ƙanwarsa Allah ya ba ta haƙuri, mijinta ya daina bambance mai miƙo masa hannu da mai fizge masa. Ya tayar da babur ya tafi. Matata ta fito ta ce Malam, in ba ka yarda da Yaya ba, to da wa za ka yarda? Na ce babu.

Na sayar da kwale-kwale da taru a lokacin da ruwa ke janyewa, lokacin da masunci ke samun abin da zai ci shekara. Wanda ya saya ya san a matse nake, ya kuwa matse ni. Na ɗaure kuɗin a leda na kama hanyar tasha. Ban kai ba na tsaya. Hannuna ya ƙi yarda ya miƙa su ta tagar nan. A nan ne na tuna yadda muke yi a bakin ruwa. A wurinmu in mutum biyu suka yi jayayya a kan tafki, ba a barin kifi ya lalace ana gardama. Ana shiga a kama, a sayar, a danƙa kuɗin a hannun sarkin ruwa a gaban shaidu. Babu wanda zai taɓa har sai dattawa sun raba gardamar, sannan a ba mai gaskiya. Haka na tashi na gani. Sarkin ruwanmu kuwa tsoho ne da ba a taɓa jin ya ci ƙwandalar kowa ba. Na ce to, ajiya suke so, ga ajiya. Abin da doka take nema shi ne a tabbatar kuɗin suna nan, ba lallai su shiga aljihun mai turare ba. Haka na fassara wa kaina dokar da ban taɓa karantawa ba.

Bayan sallar Juma'a na sami sarkin ruwa a ƙofar gidansa da mutane. Na yi masa bayani. Ya ce ɗana, wannan tsarinmu ne na bakin tafki, bai san ko masu kujera sun san da shi ba, in kai musu abinsu inda suka ce. Na ce Baba, amana na kawo, ko ya taɓa ƙin karɓar amana? Ya ce bai taɓa ba. Ya karɓa, ya sa mutane suka shaida, ya shiga da ita ciki.

Na ɗauki biyu daga cikin shaidun na biya musu kuɗin mota muka tafi gari. Na tsaya a taga na gaya wa magatakarda cewa sharaɗi ya cika, kuɗi suna hannun sarkin ruwa, ga shaidu. Ya tambaya sarkin me. Na maimaita. Ya fara dariya, da ya ga fuskata sai ya daina. Zan faɗi gaskiyarsa a nan: bai ɓoye mini komai ba. Ya ce kotu ba ta san wata ajiya ba sai wadda ta shiga asusunta. Ya ce ba ma ta hannunsa za su bi ba, banki zan kai, a ba ni rasit da sunana in kawo masa. Ya ce in wa'adi ya cika ban yi haka ba, ƙarata ba za ta kai gaban alƙali don a saurare ta ba, korar ta za a yi. Har ya ce Baba, don Allah in je in ɗauko kuɗin nan. Wannan roƙo da ya yi shi ya ƙara kashe ni. Na ce a raina ga shi nan, yunwa ta fito fili, in ba shi da rabo a ciki me zai sa ya haɗa ni da Allah? Ɗaya daga cikin shaiduna ya ja ni gefe ya ce mutumin nan fa kamar da gaske yake. Na ce barazana ce, ƙara ta riga ta shiga, dole alƙali ya kira ni, in ya kira ni zan gaya masa inda kuɗi suke, shi mai ilimi ne zai gane. Ban nemi ganin alƙalin ba. Ban tambayi ko akwai hanyar da ake kai masa kuka a kan sharaɗin ba. Na juya na koma ƙauye ina ji kamar na kayar da su.

Ranin nan duk na yi shi ina jira. Ba kwale-kwale, sai na koma ja wa wasu taru ana ba ni kaso, ni da nake ba wasu. Duk babur ɗin da ya shigo ƙauye sai na ɗaga kai ko masinjan kotu ne da sammaci. Mai kanti ya yi shiru, bai zo gonar ba, bai aiko ba. Na ce tsoro ya kama shi. Matata ta daina yi mini maganar. Sarkin ruwa in mun haɗu sai ya tambaye ni ko an kira ni, in ce tukuna, ya girgiza kai ya wuce.

Masinjan ya zo da bazara, gab da saukar ruwan fari. Ina cikin fadamar ina gyaran kunyoyin shuka. Bai zo shi kaɗai ba. Akwai bulama, akwai mai kanti, akwai masu shanun huɗa a bayansu. Masinjan ya ce an kori ƙarata saboda ban cika sharaɗi ba, hukuncin farko ya tsaya, ya zo ya danƙa gona ga mai ita. Na ce ba a kira ni ba. Ya ce ai ba za a kira ni ba, an gaya mini. Adda tana hannuna. Bulama ya matso a hankali ya ce in ajiye ta, kada in ƙara wa 'ya'yana maraici a kan talauci. Mai kanti yana daga nesa inda ƙasa ta bushe, don kada takalminsa ya ɓaci. Ya ɗaga murya ya ce ya gode da sharar da na yi masa, in ina son ƙodago a wurin ƙofa a buɗe take, shi ba ya riƙe mutum a zuci. Na dube shi. Na ajiye addar. Ina tsaye aka sa garma a ƙasar da na fito da ita daga ƙarƙashin ruwa.

Washegari sarkin ruwa ya aiko aka kira ni. Ya miƙo mini ledar da ƙullin da na yi mata, ba a kwance ba. Bai ce ai na gaya maka ba. Da ya faɗa da ya fi mini sauƙi. Kuɗin kuma a lokacin ba za su iya sayen irin kwale-kwalen da na sayar ba, komai ya tashi.

Wanda ya kai ni wurin lauya shi ne yayan matata. Ƙanwarsa ce ta aika masa. Ya zo, ya gaishe ni da sunana, ba bawa ba Babarbare, ya ce in hau babur. Lauyan ya saurare ni har na gama. Na yi masa tambayar da ta hana ni barci, doka ce ko ba doka ba ce. Ya ce kotu tana da ikon sa sharaɗin ajiya, don kada kowa ya riƙa jan abokin shari'arsa yawo a banza. Amma ya ce su kansu lauyoyi suna gardama a kai, domin in kuɗin suka yi nauyin da zai hana mutum a ji shi, to an rufe masa ƙofar da doka ta buɗe masa. Ya ce tambayata daidai ce, wurin da na kai ta ne ba daidai ba. Ba a gardama da taga. Kafin wa'adi ya cika, da na shigar da roƙo gaban alƙali a rage kuɗin, ko a karɓi wanda zai tsaya mini. Da ya faɗi wannan ban dubi yayan matata ba, shi ma bai dube ni ba. Na tambaya yanzu fa. Ya ce ana iya roƙon a dawo da ƙarar, amma sai da dalili mai ƙarfi na abin da ya hana ni cika sharaɗi. Ya tambayi dalilina. Na ce ban yarda da su ba ne. Ya ajiye biro. Ya ce zai iya gwadawa, ba zai yi mini alkawari ba, ga kuma abin da aikin zai ci. Ina kallonsa na ji tsohon ciwon yana tasowa, ina cewa a raina ko yana tsananta abin ne don ya ƙara farashi. Ga gida ba hatsi, ga damina ta kama. Na yi masa godiya na fito. Da abin da ya rage na sayi wani tsohon kwale-kwale mai faci, shi nake turawa har yau.

Ban canza ra'ayi a kan abu ɗaya ba. Har gobe ban ga adalci a ce sai mutum ya sayar da abin da yake ci da shi kafin a ji kukansa ba. Masu ilimi su duba wannan, domin irina suna da yawa a bakin kogin nan. Ban kuma wanke kowa ba. Ban san abin da ke tsakanin magatakarda da mai kanti ba, ban san dalilin da kuɗin suka zo daidai da abin da na mallaka ba. Mai yiwuwa babu komai. Mai yiwuwa akwai. Amma ko akwai, ni na sauƙaƙa musu aiki. Yayan matata yana zuwa gidana har yanzu, yana gaishe ni da ladabi kamar baƙo, bai sake tsokanata ba ko sau ɗaya.

Ga abin da zan gaya wa 'yan'uwana masunta da manoma. In aka ce sai ka ajiye kuɗi kafin a ji ƙararka, ka tambaya, haƙƙinka ne, amma ka kai tambayar gaban alƙali tun wa'adi bai ƙare ba, ka nemi wanda ya san hanya ya raka ka. In za ka biya, ka biya inda aka ce, ka karɓi rasit. Kada ka ɗauki tsarin ƙauyenku ka kai kotu, komai kyansa, ba su san shi ba. Kuma in kana zargin mutane, ka bar mutum ɗaya a waje, wanda in ya yi magana za ka tsaya ka ji. Ni ban bar kowa ba. Kotun sama ba ta taɓa cewa ba ni da gaskiya ba. Ba ta ji ni ba ne, kuma ba za ta ji ni ba har in mutu.